Fanbel da Kwamfaresar Mota: Aikinsu da Cututtukansu a Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Garin Gusau yana zaune ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa, ta nufi Sakkwato. Matafiyin da ya fito daga Funtuwa sai ya ratsa Tsafe, ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, kafin ya shiga Gusau. Wanda kuma ya bar Gusau ya nufi Sakkwato, ba zai yi nisa ba zai tarar da Bunguɗu. Tun daga ran 1 ga Oktoba, 1996, da aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato aka mai da Gusau hedkwata, zirga-zirga ta ƙaru a wannan hanya. Ta sake ƙaruwa bayan da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suna bin ta safe da yamma, wasu a motocinsu, wasu a na haya.

Lalacewar mota a cikin gari ɓata lokaci ne kawai. Amma lalacewarta a daji tsakanin Tsafe da Gusau wani abu ne dabam, musamman a shekarun nan da matsalar 'yan bindiga ta sa ba mai son magariba ta riske shi a tsaye bakin hanya. Sau da yawa kuwa abin da yakan tsai da motar wata 'yar igiyar roba ce, wadda kuɗinta bai kai na cika tanki ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Wannan bayani zai duba igiyar nan, watau fanbel, da na'urori biyu da take juyawa: altaneta mai ba mota wuta, da kwamfaresa mai ba ta sanyi.

Taƙaitaccen Tarihi

Motocin farko suna amfani ne da shimfiɗaɗɗen bel na fata, mai yawan zamewa. A 1917 wani Ba'amurke mai suna John Gates, a birnin Denver, ya ƙago bel na roba da zare mai siffar tsinin keso, wanda yakan nutse cikin kwarmin fuli ya kama shi da gefe biyu. Da yake babban aikinsa a lokacin shi ne juya fankar lagireto, daga nan sunan fanbel ya samo asali, ya kuma bi shi har yau ko da a motar da fankarta ta lantarki ce. Altaneta kuwa ta gaji dinamo ne. Kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motarsa Valiant a 1960, domin ta fi dinamo ba da wuta sa'ad da inji yake tafiya a hankali. Na'urar sanyaya mota, wadda aka fi sani da esi, kamfanin Packard ne ya fara sayar da mota da ita a 1939.

A Nijeriya, ma'aikatan gwamnati da yawa sun fara mallakar mota ne a tsakiyar shekarun 1970, bayan ƙarin albashin Udoji, daidai lokacin da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta soma haɗa motoci a 1975. Wanda ya riƙi Peugeot 504 ya san fanbel siriri, irin mai juya famfon ruwa da altaneta. In motar tana da esi, sai a ba kwamfaresa nata bel dabam. Daga 1979, lokacin da aka sa wa Ford Mustang dogon bel guda mai faɗi, mai tsaga-tsaga a cikinsa, sai tsari ya fara sauyawa. Yawancin motocin Kwatano da ke yawo a Gusau yanzu suna da irin wannan bel, wanda yakan zagaya kamar maciji ya juya altaneta, da kwamfaresa, da famfon sitiyari, a wasu kuma har da famfon ruwa. Tsarin ya rage nauyi da yawan kaya, amma ya ɗora wa igiya ɗaya alhakin kome. In ta tsinke, duka sun tsaya.

Ya kamata a bambanta wannan bel da bel ɗin tayimin, mai haƙora, wanda ke ɓoye cikin murfi yana daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Wancan nasa bayanin dabam ne.

Aikin Fanbel da Altaneta

Mutane da yawa sun ɗauka batir ne ke riƙe da wutar mota. Gaskiyar magana ita ce batir randa ce, altaneta ita ce rijiya. Batir yakan ba da wutar tayar da inji, daga nan altaneta ta karɓi aiki: ta ba filogi wuta, ta kunna fitilu da fanka da famfon fetur, ta kuma mayar wa batir abin da aka ɗiba. Ita kuwa ba ta iya juya kanta. Ƙarfin yana fitowa ne daga fulin karanshaf da ke ƙasan inji, fanbel ya ɗauko shi ya kai mata. Da yake fulinta ƙarami ne, takan juya sau biyu zuwa uku a duk juyi ɗaya na inji.

Ana iya sanin lafiyar wannan tsari da mita a cikin minti biyu. Lafiyayyen batir, in inji yana kashe, yakan nuna kimanin volt 12.6. In an tayar da inji, sai awon ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai hau ba, wuta ba ta shiga. Ko bel yana zamewa, ko kabon ɗin altaneta ya cinye, ko regileta ta mutu, ko kuwa wata waya ta saki. Idan ya zarce 15, regileta ta saki linzami, za ta dafa batir ta ƙone ƙwayaye.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari, watau cire kan batir inji yana tafiya don a ga ko zai mutu. A zamanin dinamo wannan gwaji ba ya da wata illa mai yawa. A motar yau kuwa, batir shi ke shanye tsallen wuta, cire shi kan iya ƙona altaneta ko kwamfutar inji. Garin neman gira sai a rasa ido.

Abubuwan da ke Kashe Fanbel

Na farko shi ne zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Gusau da kewayenta yakan kai digiri 40 ko ya wuce, a ƙarƙashin bonet kuwa abin ya fi haka nesa. Zafi yakan busar da roba, ta yi tauri, ta tsattsage.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yakan kawo ƙura mai laushi, ga kuma yashin hanyoyin ƙauyuka da ba su da kwalta. Wannan ƙura takan kwanta a kwarmin fuli tana cin bel kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi, ta kuma shiga boris ɗin fuli ta busar da man cikinsa.

Na uku ruwa da mai. Da damina, motar da ta ratsa kududdufi takan jiƙa bel, ya yi ƙara na ɗan lokaci sa'an nan ya daina. Wannan ba abin damuwa ba ne ƙwarai. Abin tsoro shi ne baƙin mai da ke ɗiga daga gaban inji. Mai yakan kumbura roba ya sa ta yi laushi. Wanda ya sa sabon bel bai toshe yoyon ba, ya sayi bel na wata biyu ne.

Na huɗu ɗauri. In bel ya yi sako-sako sai ya zame, ya yi zafi, ya yi santsi kamar gilashi, wuta kuma ta ragu. In an ɗaure shi fiye da kima sai ya ja fulin altaneta da na famfon ruwa gefe ɗaya, boris ɗinsu ya mutu da wuri. A tsohon tsari na siririn bel, in an danna tsakiyarsa da babban yatsa ya kamata ya lotsa kimanin santimita ɗaya. A sabon tsari akwai wani fuli mai sifirin, wanda kanikawa ke kira tenshina, shi ke ɗaure bel da kansa. Shi ma yana tsufa, kuma sau da yawa shi ne mai laifin da ake ɗora wa bel.

Na biyar karkacewa. Idan fuli ɗaya ya kauce wa layin 'yan'uwansa, ko don an kwance altaneta ba a mayar da ita daidai ba, ko don wani noti ya saki, sai bel ya dinga cin gefe, zare ya fito, daga bisani ya sauka.

Na shida shi ne jabun kaya da kuskuren lamba. A jikin kowane bel mai tsaga akwai rubutu irin wannan: 6PK1750. Ma'anarsa, tsaga shida, tsawo milimita 1750. Wanda ya fi haka tsawo zai zame, wanda ya gaza zai matse. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tsada, masu mota suka ƙara karkata ga mai araha. Amma araha ba ta ado.

Alamun da Mai Mota Zai Lura da Su

Fanbel ba ya cika mutuwa ba tare da sallama ba. Ƙara mai kama da kukan ɓera da sassafe, ko sa'ad da aka kunna esi, ko aka murɗa sitiyari har ƙarshe, alama ce ta zamewa. Gurnani ko gurzawa mai ƙaruwa in an taka totur alama ce ta boris. Akwai gwaji mai sauƙi: a yayyafa ɗan ruwa a kan bel daga nesa. In ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci, ko ta sauya, matsalar tana tsakanin bel da fuli. In ba ta ko motsa ba, a nemi boris. Sai dai a kula, kada a kusanci inji mai tafiya da babbar riga ko mayafi ko rawani, domin bel ba ya sakin abin da ya kama.

Sauran alamu su ne fitilar batir da ta kama a dashbod, da hasken fitila mai raguwa in an tsaya, da warin ƙonanniyar roba, da baƙin gari a kewayen fuli. Akwai kuma abin lura game da bel na zamani. Robar da ake yin sa da ita yanzu ba ta cika tsagewa kamar ta da ba, cinyewa take yi a hankali har ya nutse cikin fuli ya daina kamawa. Saboda haka rashin tsaga ba shaidar lafiya ba ce. Shafa wa bel sabulu ko kyandir ko man birki don ya yi shiru, rufe bakin mara lafiya ne kawai.

Yadda Esi Ke Kawo Sanyi

Kowa ya san yadda ruwan randa ke yin sanyi: ruwan da ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. A kan wannan ƙa'ida aka gina esi. Ana amfani da wani sinadari, wanda aka fi kira gas, mai tafasa a sanyi ƙwarai; irin da aka fi sani, R-134a, yakan tafasa a digiri 26 ƙasa da sifiri. Kwamfaresa takan zuƙo gas ɗin ta matse shi har ya yi zafi, ta tura shi zuwa kwandansa, watau wani siririn lagireto da ke gaban na ruwa. A nan iska takan kwashe zafinsa ya koma ruwa-ruwa. Sai ya bi ta diraya, wadda ke tace datti da danshi, ya isa wata 'yar ƙaramar ƙofa ko bawul. Da ya fita ta ƙofar, matsin ya saki, sai ya tafasa a cikin wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan dashbod, ya shanye zafin iskar cikin mota. Daga nan ya koma kwamfaresa, zagayen ya sake.

Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe a nan. Na ɗaya, gas ba ya ƙarewa kamar fetur, a rufe yake yana zagayawa; in ya ragu, akwai inda yake tsiyaya. Na biyu, man da ke shafe cikin kwamfaresa tare da gas yake yawo. In gas ya ragu, mai ba ya komowa yadda ya kamata, kwamfaresa ta yi ta aiki a bushe.

Cututtukan Kwamfaresa

Ana iya kasa su gida uku. Kashi na farko na kuloci ne. Fulin kwamfaresa kullum yana juyawa da bel, amma cikinta ba ya juyawa sai an kunna esi, maganaɗisun lantarki ya jawo faifan gaba ya manne da fuli, a ji wani ƙas. In ba a ji wannan ba, kada a yi saurin yanke wa kwamfaresa hukunci. Yana yiwuwa fiyus ne, ko rile, ko waya, ko kuwa gas ya yi ƙasa har makunnin tsaro ya hana ta tashi. Haka nan tazarar da ke tsakanin faifan da fuli, wadda ya kamata ta kasance wajen rabin milimita, takan faɗaɗa da tsufa. Alamarta ita ce esi ya yi sanyi da safe, ya ɗauke da tsakar rana. Wannan ƙaramin gyara ne. Wasu kanikawa sukan haɗa waya kai tsaye su tsallake makunnin tsaro, kwamfaresa ta tashi, mai mota ya yi murna, bayan 'yan makonni ta ƙone. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Kashi na biyu na boris ɗin fuli ne. Shi yana aiki ko an kunna esi ko ba a kunna ba, don haka gurnaninsa ba ya tsayawa sai an kashe inji.

Kashi na uku, wanda ya fi muni, shi ne lalacewar ciki. Musabbabinsa rashin mai, ko danshi, ko matsi mai yawa. Kwandansar da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari suka toshe, ko fankar da ta daina aiki, sukan sa matsi ya hau, musamman in mota tana tsaye a cunkoson kasuwa da bazara. Cika gas fiye da kima ma yakan yi haka. Idan kwamfaresa ta ci kanta, garin ƙarfe yakan bazu ko'ina cikin bututu. Wanda ya sa wata bai wanke bututun ba, bai canja diraya da bawul ba, sau da yawa har da kwandansa, to ya shirya sayen ta uku.

Batun Gas

Tsofaffin motoci irin su 504 suna amfani da R-12. Bayan da masana suka gano cewa irin wannan sinadari yana cin rufin ozon da ke kare duniya daga mugun hasken rana, sai ƙasashe suka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a 1987, aka yi ta janye shi. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 sababbin motoci sun koma R-134a. Shi ma daga baya aka ga yana ƙara ɗumamar yanayi, aka yi gyaran Kigali a 2016 don rage irinsa, motoci da yawa na baya-bayan nan suna zuwa da R-1234yf. Kowane iri da man da ya dace da shi, ba a kuma gauraya su. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda da ke nuna irin gas da nauyinsa a giram.

Jabun gas ba ƙaramin haɗari ba ne. A 2011 wasu kwantenoni masu sanyi sun fashe a Biyetnam da Barazil, aka yi asarar rayuka, bincike ya nuna an zuba musu jabun R-134a mai gauraye da wani sinadari da ke cin alminiyam. Gas ɗin firiji ko na esin ɗaki shi ma bai dace da mota ba.

Gyaran kirki yana da tsari. A nemo inda yake yoyo a toshe. A sa famfo ya zuƙe iska da danshi na aƙalla rabin sa'a. A duba ko ya riƙe. Sa'an nan a zuba mai da gas bisa sikeli. Wanda ya ɗaura gwangwani kawai ya ce a sa hannu a ji sanyi, bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Inda Cututtukan Biyu Suka Haɗu

A motar da bel ɗaya ke juya kome, ciwon kwamfaresa yakan zama ajalin fanbel. In ta cije, bel zai goge a kan fulin da ba ya motsi, ya yi hayaƙi, ya tsinke. Nan take fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi nauyi in na famfo ne. A yawancin motoci irin su Toyota Corolla da Camry da Honda Accord na shekarun 2000 masu silinda huɗu, famfon ruwa ma zai tsaya, cikin 'yan mintoci allurar zafi ta hau. Wanda ya ci gaba da tafiya zai ƙona gasket, watakila ma kan inji ya lanƙwashe.

Saboda haka, direban da ya ji ƙara da warin roba ya fara kashe esi. In ƙarar ta ɗauke, cikin kwamfaresa ne ya cije, fuli yana juyawa lafiya, yana iya ƙarasawa gari ba sanyi. In ba ta ɗauke ba, ya nemi wuri mai jama'a mafi kusa ya tsaya. Idan bel ya riga ya tsinke, ya sa ido a kan allurar zafi. In ba ta motsa ba, batir zai kai shi ɗan nisa muddin ya kashe rediyo da fanka, ko da yake da dare fitilu za su shanye shi da wuri. In ta fara hawa, ya kashe inji, kada kuma ya buɗe murfin lagireto da zafi. A wasu motoci bakanike yana iya sa gajeren bel ya tsallake kwamfaresa har a samu halin gyara.

Kammalawa

Abin da ake bukata daga mai mota bai taka kara ya karya ba. Ya buɗe bonet sau ɗaya a mako, inji a kashe, ya dubi bel ya taɓa shi. Ya sa a duba tenshina da fulaye duk lokacin da za a canja bel, tsohon kuma in da sauran rai ya ajiye shi a but tare da sifana. Ya wanke kwandansa da ruwa mara ƙarfi bayan hunturu, kafin bazara ta shigo. Ya kunna esi na minti goma a mako ko da sanyi ake yi, domin mai ya zagaya, robobin bakin bututu kada su bushe. In motar ta daɗe a rana, ya sauke gilasai zafi ya fita kafin ya kunna. Ya tambayi mai gyara irin gas ɗin da zai zuba da nauyinsa.

Ofisoshin gwamnati masu motocin aiki su ma suna da nasu rabo, watau a riƙa rubuta ranar da aka canja kowane bel da nisan tafiyar da motar ta yi, a kuma saurari direba in ya kawo rahoton ƙara. Ɗalibin da ya fahimci waɗannan ƙa'idoji, ko bai mallaki mota ba tukuna, zai iya gane alamar haɗari a motar hayar da ya shiga. Mafi alheri ga mai niyyar zuwa Tsafe ko Bunguɗu shi ne ya ji ƙarar bel ɗinsa tun yana ƙofar gida, ya kai wa bakanike kafin ya hau hanya.